Buhunan Wake a Ɗakin Inna

Shekarar da mutanen daji suka ƙone rumbunan ƙauyenmu, can gefen Turba, kowa ya kwashe abin da ya rage ya shigar ɗaki. Ba wanda ya ƙara yarda ya bar hatsi waje. Gero ƙarƙashin gado, dawa bayan ƙyaure, mutum na kwance kansa na taɓa buhu. Da haka muka tsira daga yunwa.

Yayana, wanda nake bi, ya samu wake sosai a shekarar. Ɗakinsa ya yi musu kaɗan shi da iyalinsa, sai ya kawo buhu shida ɗakin Innarmu, tunda ita kaɗai take kwana ciki. Ni aurena bayan gidanmu yake, kullum da hantsi nake kai mata fura. Na tarar yana jera buhunan.

Akwai wata ƙwayar magani mai launin toka da muke kira bom. A ƙulle ta a tsumma, a cusa cikin buhu, iskarta ta kashe ƙwari. Ba a kwana ɗakin da take, ko yaro ya san wannan.

Na ce, "Yaya, ba ka dai sa bom ciki ba ko?"

Ya ce, "Ke dai da tsegumi! Toka da barkono nis sa, irin na Inna. Wallahi. Ni za ni kashe uwata?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Rabu da ita, wagga ɗiya bakinta ba ya hutawa."

Na ji kunya har na ba shi haƙuri. Ni fa, ni na ba shi haƙuri!

Kwana uku ɗakin ya ɗauki wari kamar na tafarnuwa. Inna ta fara ciwon kai, sai amai, sai ta ce ƙirjinta kamar an ɗora turmi. Na goya ta a babur muka nufi asibiti a Isa. Ma'aikacin da ya duba ta ya tambaye ni ko akwai hatsi mai magani inda take kwana. Na ce babu. Ya sake tambaya, na hayayyaƙo masa, na ce yayana ya rantse, mu ba jahilai ba ne. Bawan Allah ya ba ta maganin zazzaɓi, ya yi mata ƙarin ruwa.

Ta warware cikin kwana biyu, har tana neman goro. Na ɗauka maganin ne, ashe fita daga ɗakin ne ya ba ta sauƙi. Na mayar da ita gida. Da hannuna na shimfiɗa mata, da hannuna na toshe taga da zane saboda ta ce tana jin sanyi. Wannan zanen bai bar raina ba har yau.

Washegari da hantsi na same ta tana jan numfashi da ƙyar. Kazarta da ke kwanci bayan buhunan ta sandare a kan ƙwai. Na jawo Inna waje ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na koma da wuƙa na farke buhun farko. Ga tsumma, ga farin garin da bom ke bari ciki. Na farke na biyu, haka. Na aika a kira Yaya daga gona.

Da ya shigo, waken da ya zube ya fara kallo. Ya ce, "Wa yas sa ki buɗe? Yanzu iska ta shiga!" Sai bayan nan idonsa ya kai kan Inna. Ba za ni yi masa ƙarya ba, ya yi kuka. Ya ce ya ɗaure bakin ledar da ke cikin buhunan sosai, ya ce da ya faɗa mini da na hana, ƙwari su cinye noman shekara. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Yaya."

Inna ta kama hannuna. Muryarta ta kusa ƙarewa, na sunkuya. Na zaci ruwa take so. Ta ce, "Kada ki hwaɗa ma kowa. Ki ce zazzaɓi na." Kafin a samo babur ta cika.

Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa, har daga Burkusuma. Kowa ya tambaya, na ce zazzaɓi. Ban taɓa tsanar bakina irin kwanakin nan ba. Shi kuwa Yaya yana zaure yana amsa gaisuwa, ana ta ba shi haƙuri.

Ranar uku muna yin ƙosai na sadaka. Matar Yaya ta shigo da ƙwaryar wake ta ajiye gabana. Na ce, "Daga wane buhu?" Ta sunkuyar da kai. Babu wani wake a gidan, ga mutane sun cika tsakar gida suna jira.

Ni na shanya shi, na surfa, na wanke har sau biyar. Ni na soya. Aka raba, aka ci, aka yi wa Inna addu'a. Wata tsohuwa, ƙawar Inna tun ƙuruciya, ta tsoma hannu cikin sauran waken tana juyawa. Ta ce, "Kai, Allah shi yi ma yaron ga albarka, ya iya ajiya. Dubi, ko ƙwaro guda babu."

Duk matan suka juyo wurina, suna jira in ce amin.