Batirin da Inna Ta Wanke

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da muka turo jif ɗin Bature daga kan tudun garinmu tana nan daram, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina. Duk wanda ya shigo zaurena yau zai tarar da tarkacen tsofaffin motocin soja ko'ina: sitiyari a rataye, fitilu a kan katanga, jarkoki masu kore, har da gatari da shebur irin waɗanda ake ɗaurewa a gefen mota. Jikokina ɗan gwangwan suke ce mini, ni kuwa ko a jikina. Baƙo yakan tambaye ni wanne na fi so a cikin kayan nan, sai in nuna masa wani mataccen batir da ke kan kujera shi kaɗai, ya dube ni kamar na zautu.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan mun dawo daga yaƙin Bama. Ni direba ne a soja, kuma a can na kamu da ciwon son jif, ƙaramar motar nan marar ƙofa mai ja da duka ƙafafunta huɗu, wadda ba ruwanta da hanya. Da aka sallame mu na kama tuƙin babbar mota tsakanin Sakkwato da Gusau, amma in na hango jif ta wuce sai wuyana ya bi ta har ta ɓace. Ina cikin wannan aiki ne aka aiko daga gida cewa in zo maza, kawuna yana nemana. Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne mai garin ƙauyenmu, can bakin fadamar Rima tsakanin Wurno da Goronyo.

Na same shi a zaure ya rame, rawanin ma kamar ya yi masa yawa. Ashe a farkon damina wani Baturen safiyo ya zo awon fadama da jif ɗinsa, ragowar motocin yaƙi, ta kafe a laka har ciki. Ana fama da ita zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗora shi a doki zuwa Sakkwato, daga can aka wuce da shi ƙasarsu. Kafin ya tafi ya kama hannun kawu ya ce ga mota nan amana. To ruwan Rima ba ya jin Turanci. Kullum sai ya ƙara matsowa, aka haɗa shanun Fulani aka ja, mota ta ce ba inda za ta. Kawu ya ga amana za ta nutse a gabansa, ya kira maƙerin gari ya tambaye shi ko abin da mutum ya haɗa mutum zai iya kwancewa. Maƙeri ya sami sifanun kwance noti a ƙarƙashin kujerar motar, aka yi gayya, aka kwance ta gunduwa-gunduwa aka hau da ita tudu. Da yake babu ɗakin da zai ci mota, kuma kawu ba ya son nauyin ya zauna kan mutum ɗaya, sai ya raba ta gida-gida, kowa da abin da zai tsare.

Bayan kaka aka kawo sabon Bature, ya aiki masinja ya dubo motar. Masinja ya je fadama bai ga komai ba, ya ji ƙishin-ƙishin cewa maƙeri ya taɓa ta, ya koma ya ce ƙauyawa sun sace mota sun ƙera fartanya da ita. Sai ga dogari daga wurin hakimi: Bature zai sauka Wurno a rangadinsa, ko a kawo mota tana tafiya da ƙafarta, ko a tuɓe rawanin kawu a gaban jama'a.

"Ɗan Bama," in ji kawu, "kai ad da sanin ƙarhen ga. Tana haɗuwa?"

Wallahi kamata ya yi in ji tausayinsa, kuma na ji, amma abin da ya fi cika mini ciki murna ce. Jif sukutum a hannuna, in haɗa ta daga noti har sitiyari. Na ce masa tana haɗuwa, tun ban ga ko taya ɗaya ba.

Washegari aka yi shela kowa ya fito da ajiyarsa, kuma ban taɓa ganin biki irin wannan ba. Wani ya mirgino taya daga cikin rumbu, duk ƙaiƙayin gero a jikinta. Wata ta fito da fitilu biyu a cikin ƙwarya an rufe da faifai, kamar ƙwan zabi. Liman ne ya riƙe sitiyari, ya rataye shi a ɗakinsa nesa da yara. Bafillacen da aka ba jarkar fetur an ce masa kada wuta ta kusance ta, shi kuwa ya haƙa rami a gindin wata tsamiya ya binne ta, ya kawo ta a cike, ko ɗigo bai ragu ba. Injin yana maƙera an lulluɓe shi da fatar saniya, an shafe shi da man gyaɗa yana ƙyalli. Abin da ya fi burge ni dabarar maƙerin: kowane ƙarfe ya ƙulle notinansa a tsumma ya ɗaure a jikinsa, don haka ba sai na yi lalube ba. Na rungume shi a gaban mutane, yana ture ni yana cewa in bari, shi ba amarya ba ne.

Muka kafa rumfa a kan tudu muka duƙufa, ni da shi, samari na ɗaga mana masu nauyi. Abinci ma sai an yi mini faɗa nake ci. Mota ta fara tashi a gabanmu, yau ƙafafu, gobe inji, jibi gangar jiki, tsofaffi na zaune a inuwa suna gardama kan ko za ta yi rai. Da muka zo ƙarshe na duba na ce saura batir. Aka ce yana wurin Inna.

Inna yayar kawu da mahaifiyata ce, ita ta goye shi yana jariri, kuma duk garin babu mai tsabtarta. Tukunyarta sai ka ga fuskarka a jiki. Ta sa aka ɗauko batirin daga ƙarƙashin gadonta, naɗe cikin sabon zane, ta tsaya tana jiran yabo. Na buɗe na ga yana walƙiya kamar yau aka yi shi. Na kwance murfi na sunsuna, ban ji komai ba. Na tsoma tsinke na ɗanɗana, ruwan rijiya ne zalla.

"Inna, mi kinka yi mai?"

"Ruwan cikinai na iske ya lalace," ta ce. "Ya yi tsami har yana cin tuhwa, dubi yadda yac cinye min zane. Na zubda shi, na wanke cikin da toka, kuma kowace Juma'a sai na sake mai sabon ruwa. Kayan mutane ba su ruɓewa hannuna."

Dariya ta ƙwace mini har na zauna a ƙasa. Sai da na ɗaga kai na ga fuskar kawu na haɗiye sauran. Na yi musu bayani cewa wancan ruwa mai tsami shi ne ran batirin, babu shi babu wuta, babu wuta mota ba ta tashi, kuma irinsa sai Sakkwato, ga shi Bature gobe yake sauka Wurno. Inna ta dubi ƙanenta, ta dubi rawaninsa, ta juya ta shige gida, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan.

Dabara ɗaya ta rage mini, wadda na ga an yi a Bama. In mota ta sami gudu sosai a gangare ka saka mata giya, inji yakan juya har ya haifar da 'yar wutar da za ta tayar da shi. Sharaɗin shi ne ba ka ɗaga ƙafa daga totur, don da gudun injin ya ragu za ta mutu. Gangaren kirki ɗaya muke da shi, daga kan tudu zuwa fadama, kuma fadamar ta bushe ta yi tauri a lokacin. Fetur ɗinmu bai isa wasa ba, saboda haka muka bar gwajin sai ranar tafiya.

Da hantsi gari ya fito kaf. Kawu ya hau kujerar gaba yana ta addu'a, maƙeri ya hau baya. Ina shirin ba da umarni sai ga Inna da lulluɓinta da ƙunshi a hannu, ta kama ƙarfe ta hau kusa da maƙeri. Kawu ya ce ta sauka, ta ce ita ta goye shi, ba shi ya goye ta ba.

Liman ya yi bisimilla, samari suka sa kafaɗa. Mota ta fara mirginawa, ta ƙara gudu, masu turi suka fara zubewa a baya ɗaya bayan ɗaya. Na bari sai da iska ta fara kaɗa rawanin kawu, sannan na saki kuloci. Ta yi tari, ta girgiza, ta yi shiru. Gangare ya kusa ƙarewa. Na sake taka kuloci na bar ta ta ƙara gudu, na saki a karo na biyu, ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, inji ya kama ruri. Guɗar da matan garinmu suka yi daga kan tudu har yau ina jin ta a kunnena. Ni kuwa ihu nake ina dukan sitiyari, na manta mai gari ne a gefena.

Haka muka ratsa fadama da gonakin da aka girbe, ƙafata a kan totur. In mun zo kwazazzabo sai in taka kuloci in bar inji yana kururuwa mu tsallaka a hankali. Jakai na watsewa, masu tallar nono na ajiye ƙore suna gudu, kawu ya riƙe rawani da hannu ɗaya, ƙarfe da ɗayan. Na waiga sau ɗaya na ga Inna zaune ƙyam, ƙunshinta a cinya, idonta a kan hanya.

Mun iske Bature a gidan saukar baƙi na Wurno, hakimi da mutanensa na zaune. Na taka birki a gabansu, na ɗaga ƙafa, mota ta mutu nan take. Bature ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa nan, yana leƙa can, ya ga har gatari da shebur suna wurinsu. Sannan ya hau, ya taka abin tayarwa. Ko motsi. Ya sake takawa, ya sauko fuska a ɗaure, ya ce wa tafinta a tambayi mai gari ina batirin gaskiya, wa aka sayar wa. Kawu ya buɗe baki, amma Inna ta riga shi. Ta sauko daga mota ba wanda ya taimake ta, ta durƙusa, ta kwance ƙunshinta ta shimfiɗa zanen da ruwan batir ya huhhuje.

"Ranka shi daɗe, ba a sai da komi ba. Ni aka ba shi ajiya, ni naz zubda ruwan, don na ga ya yi tsami. In tuɓewa za a yi, ga kallabina. Rawanin yaron ga bai yi laihi ba."

Yaron da take faɗa furfura ta cika masa gemu. Tafinta ya juya maganar yana cije leɓe. Bature ya ɗaga zanen ya leƙa rana ta cikin hujojin, ya buɗe batir ya sunsuna, sai dariya ta kama shi har ya dafa mota. Da ya natsu ya tambayi dalilin kwance ta tun farko, kawu ya gaya masa inda ruwa ya kai a daminar, maƙeri ya nuna da hannu sama da kansa. Bature ya cire hularsa a gaban Inna, ya ce wa hakimi mai gari ya koma gida da rawaninsa. Sabon batir za a aiko daga Sakkwato, wannan kuwa a jefar.

Inna ta ce ba za a jefar ba. A hannunta aka sa shi, kuma ba ta ga wanda ya ba da ajiyar ya dawo ya ce ya karɓa ba. Aka ɗora mata shi a jaki muka koma gida a ƙasa, kawu na tafe a bayanta. Batirin ya zauna a ƙarƙashin gadonta cikin zanensa har ta rasu, kuma da aka zo rabon gadonta shi kaɗai na roƙa. Daga kansa na fara tara ƙarafan nan, ina bin kasuwanni da maƙeru daga Rabah har Rimawa, duk abin da na samu sai na tambayi hannun wa da wa ya bi kafin ya zo nawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mutum ya ɓata maka abu, ka fara tambayar yadda aka yi kafin ka yanke masa hukunci, domin wani ɓarnarsa daga sakaci take, wani kuwa daga tsananin kula. Na yi mu'amala da masana mota da yawa a rayuwata, kaɗan ne a cikinsu zan iya ba ajiya in yi barci. Inna ba ta san batir ba, amma ta san amana, shi ya sa har yau duk Juma'a nakan sauke shi daga kujera in goge masa ƙura.