Gefen da Baba Mai Gora Ya Ɗaura

Kullum da safe, kafin ya karya, Baba Mai Gora yakan zaga bayan gida ya duba gorar da ya jingina a inuwa. Yana binsu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan adda, ya kara kunne. Wadda ta amsa da kyau ya bar ta, wadda ta yi masa gardama ya jefa ta wajen murhu. Babbar 'yarsa takan tsokane shi cewa ya fi jin maganar gora a kan ta mutane. Sama da shekara arba'in yana wannan aiki, sai bana da hannunsa ya fara rawa ya ajiye adda. Babu wanda ya tara jama'a don a yi masa godiya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Matan da ke jiran awo a ƙaramin asibiti sun san shi ko ba su san fuskarsa ba, domin rumfar da suke zama a ƙarƙashinta shi ya ɗaura ta, shekara ashirin ke nan. Ka'idarsa ba ta da yawa. Ba ya saran gorar da ba ta kai shekara huɗu ba. In ya sare, sai ta yi sati shida a cikin ruwa mai gudu, zaƙinta ya fita, don zaƙin nan shi ƙwaro ke bi. Kuma ba ya buga mata ƙusa, domin ƙusa tsaga gora take yi. Hudawa yake, ya sa tsinken gora, ya ɗaure da igiya.

Da masu zanen gine-gine suka waye gari suna son gora, sai aka ce za a yi wa sabon laburaren gari rufi da ita. Aka kira Baba, ya zo da murnarsa. Ya gama gefen gabas, ragowar gorar tana cikin rafi, sai ɗan kwangila ya same shi.

"Baba, saura kwana goma a buɗe wurin nan. Ga ɗanya can na sa an saro, a ɗora kawai."

"Alhaji, wannan abincin ƙwaro ce. Ka ba ni sati uku."

"Manyan baƙi ne za su jira gora ta gama wanka?"

"To, ba da hannuna ba," in ji Baba.

Ranar aka sallame shi. Kafintoci suka ƙarasa gefen yamma da ɗanyar gora da ƙusa, aka shafe ta da mai tana ƙyalli. Aka yanka ƙyalle, aka yi hotuna. A allon bakin ƙofa akwai sunan mai zane da na ɗan kwangila, babu nasa.

Damina biyu aka yi. Ma'aikaciyar laburaren ta ce da farko gari ne mai kama da na masara yake zubowa a kan littattafai, sannan wata rana da hantsi sanda guda ta faɗo a kan tebur, Allah ya sa ba kowa a zaune. Aka kafa kwamiti. Sunan da allo ya manta, rahoton kwamiti ya tuna da shi: wai maginin gargajiyar da aka ɗauka bai iya aiki ba. 'Yarsa ce ta karanta masa.

"Uwata, karanta min inda suka faɗi wane gefe ne ya ruɓe."

Ta juya takardun gaba da baya. "Ba su faɗa ba, Baba."

Daga lokacin mutanen da ke sallama a ƙofarsa don aiki suka ɗauke ƙafa, kuma abin ya ci shi ƙwarai. Ni ma yana ci na har yau.

Kai ne, Baba, aka kora don ka ƙi cutar mutane, aka dawo aka ɗora maka laifin cutar. Kai ne ka san gaskiya tana rataye a saman kowa, babu wanda ya ɗaga kai ya duba.

Aka yanke a sauke rufin duka a sa ƙarfe. Gefen yamma kafin azahar ya zube. Gefen gabas kuwa kwana biyu leburori suna fama da shi, har shugabansu ya gaji ya zo gida ya durƙusa.

"Baba, don Allah ta ina ake kwance aikin nan naka?"

Ya sa hularsa ya bi shi. Da wannan hannu mai rawa ya nuna musu tsinken da za su fara zarewa, ya tsaya har aka sauke sanda ta ƙarshe, ko huda ɗaya ta ƙwaro babu a jikinta.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, tunda mu mun kasa. Masu sana'a kuma, in an ce ku ɗora ɗanya, ku tuna akwai wanda ya ƙi. 'Yan kwamiti duk suna raye, leburorin ma suna nan, kuma gyaran layi ɗaya ne a rahoton nan. Baba ya haura saba'in, yana gida, har yanzu yana jira.