Azarar Kowa Bisa Kansa

Ina tsakiyar duba takardun jarrabawar 'yan aji uku yayana Haliru ya kira ni daga Gwandu. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da akuya, ya zo ga abin da ya sa ya ƙona katinsa. Kwamitin unguwa ya yanke shawarar sauke rufin masallacinmu a ɗora sabon kwano kafin ruwa ya sauka. Za a yi gidauniya bayan la'asar ranar Asabar ta sama, kuma za a kira sunan kowa a lasifika tare da abin da ya bayar.

"Kai ne mai albashi a gidanmu, Malam Umaru," in ji shi. "Kada ka ba mu kunya."

Na daɗe ina koyar da adabin Hausa a wata sakandare a nan Kalgo. Abin da ake ba ni a ƙarshen wata mutanen gida suna kiransa albashi, ni ma haka nake kiransa don ban sami wata kalma mai ladabi ba. Duk abin da na mallaka a lokacin kuɗin bandir ɗaya ne na kwano, wanda na kwasa a adashen malamai. Shi ma yana da mai shi. Ɗakin matata Luba ya yi damina biyu yana yoyo, har ta haddace inda kowace roba take zama. Na yi mata alkawari bana ba za ta ƙara tarar ruwa a ɗaka ba.

Na ajiye jan biro, na jingina da bango. Ba lissafi ne ya zo mini ba, kakarmu Ige ce ta faɗo mini a rai.

Da ɗari, bayan an kai gero rumbu, da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu taru a ƙofar ɗakinta. Wutar kara ce, mai saurin ci da saurin mutuwa, saboda haka kullum akwai wanda aikinsa tura kara. Kudaku kuma, wato dankalin nan mai zaƙi, yana binne cikin toka yana jiran ƙarshen labari. Tatsuniyar Kaka ba kyauta ba ce. Kowa za a ɗibar masa gyaɗar iri a ƙwarya ya ɓare, in hannunka ya tsaya bakinta ya tsaya. Ita kuwa tana zaune da magogin goro a cinya, don haƙora sun riga sun yi mata sallama. A gajiye take kullum. Wuni take yi a fadama cikin albasa, shi ya sa rabin labarin idonta a rufe take ba da shi. Ba ta buɗewa irin yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai dai ta ce, "Ku gyara wuta, ga ta nan tahe," mu kuwa mu matso.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Garin da abin ya faru ba shi da suna. In ka tambaya ta ce bayan Kambaza ne, in ka sake tambaya gobe ya koma bayan Ceberu.

Soron masallacin garin ne ya tsufa, dattawa suka ce kowane magidanci ya kawo azara ɗaya. Ɗalibaina na yanzu, da suka tashi ƙarƙashin kwano, sai na tsaya na yi musu bayani cewa azara tsagin giginya ce da ake jerawa a saman ɗaki kafin a ɗora ƙasa. To garin nan suna da wata al'ada. Azarar da mutum ya kawo, magina za su ɗora ta daidai saman inda yake tsayawa a sahu. Ba abu ne mai wuya ba, don kowa ya san wurin kowa a masallaci kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Aka kuma ajiye maroƙi a bakin ƙofa, duk wanda ya sauke tasa ya kira sunansa da na ubansa.

Akwai wani mutum, Ɗan Maƙo, da azara jibge a bayan gidansa. Ya zagaya su ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya ji kamar haƙorinsa za a cire. Daga ƙarshe ya sami reshen kuka, itacen da kowa ya san ba ya ɗaukar nauyin komai, ya fere shi, ya shafe da baƙin tukunya har ya yi kama da azara. Ya san al'adar garin sarai. Dabararsa ita ce in an gama rufi ya sauya wuri a sahu.

Akwai kuma Ɗan Yabo, wanda ba shi da azara ko ɗaya a ajiye. Da sai ya je ya yi ƙodago ya sayo. Amma yana wucewa ya ji maroƙi yana wasa wani attajiri, sai ya fasa ƙodagon. Ya koma gida ya hau ɗakin matarsa ya zare ta tsakiya, wadda ta fi kowace kauri. Maroƙi ya gan ta ya buɗe murya. Daɗi ya kama Ɗan Yabo, ya koma ya zaro ta biyu, ya sake komawa ya zaro ta uku. A nan Kaka takan buɗe ido ɗaya, ta siranta murya ta zama matar: "Malam, ka ga hwa sama na kallonmu." Shi kuwa ya ce ta yi shiru, ba ta ji ana kiran sunan kakansa ba?

Ruwa ya sauka. Sallar farko da aka yi cikin damina, Ɗan Maƙo yana ruku'u taɓo ya ɗigo masa a ƙeya. Ya matsa dama, na dama ya ce nan ubansa ya tsaya har ya mutu. Ya matsa hagu, na hagu ya ce shi ma gado ya ci. Ya koma sahun baya, aka ce wurin masu shi ne. Haka ya ƙare damina yana sallah da faifai a ka. Kaka ba ta taɓa mantawa ta ƙara cewa na damansa da na hagunsa su ma sun jiƙe ba, alhali su azarar kirki suka kawo.

Ɗan Yabo kuwa, ruwa na biyu ɗakin matarsa ya zauna. Allah ya sa suna waje. Matar ta kwashi 'ya'ya ta tafi gidan iyayenta, shi ya naɗe tabarma ya tare a masallaci, ƙarƙashin azarunsa uku, wurin da ko ɗigo ba ya sauka. Mutanen gari suka yi ta aiko masa da tuwo gida-gida har kaka, abin da ya ci ya ninka kuɗin azarun. Maroƙin nan ko, in sun haɗu a hanya, sai ya tambaye shi ko baƙo ne.

"Ta ƙare," in ji Kaka. "Wanda bai ji ba shi tambayi toka da sahe."

Yaya Haliru Ɗan Yabo yake so. Yakan tashi ya ɗora kara a kafaɗa yana taƙama yana yi wa kansa kirari, har Kaka ta ce ya zauna kada ya taka mata gyaɗa. Ni kuwa, ban san dalili ba, tausayin mai faifai nake ji. Mai hankali da ya dube mu a lokacin da ya san wanda zai shiga kwamiti da wanda zai zama malamin makaranta.

Wata rana, ina ɓare kudaku yana ƙona mini yatsa, na tambaye ta sauran mutanen garin fa. Ta ce waɗanne saura. Na ce waɗanda suka kawo ɗaya mai kyau.

"Maigidana, yawan tambayarka shi ya sa ban dama maka hura," ta ce, don haka take tsokanata, wai ni ne mijinta marar cefane. "Su sun kawo tasu, sun koma gida, sun ci tuwo sun yi kwana. Mi za a ce game da su? Ba su shiga tatsuniya ba."

Na ji haushin amsar nan, na ɗauka barci ne ya ci ƙarfinta. Daga baya na yi shekaru ina koya wa yara fitar da jigo daga labari. Da ɗalibi ya rubuta mini cewa jigon wannan tatsuniya gargaɗi ne a kan rowa da son a sani, da na ba shi makinsa cikakke, mu duka mu tafi gida ba mu ƙaru da komai ba. Sanin jigo bai gaya mini nawa zan kai Gwandu ranar Asabar ba.

Cikin makon nan duka mutanen biyu sun ziyarce ni. Ɗan Maƙo ya ba ni shawara in ce ba a biya albashi ba, wanda sau da yawa gaskiya ne, in aika da ɗan abin da ba zan ji ba, in rufe shi da doguwar addu'a. Ɗan Yabo kuma ya riƙa karanto mini sunana a lasifika, da na mahaifinmu, da bandir guda cur a bayansa, da kabbarar da za ta biyo. Masallacin nan a cikinsa aka raɗa mini suna, daga ƙofarsa aka ɗauki mahaifinmu. Ba na son a ce ɗansa mai boko ya kawo reshen kuka.

Luba ba ta ce in bayar ba, ba ta ce kada in bayar ba. Ta ji wayar, don Yaya Haliru ba ya buƙatar lasifika. Sai na dawo daga makaranta na tarar ta fito da robobin tarar ruwa duka, tana wanke su a tsakar gida, ana tsakiyar bazara ko hadari babu.

"Shiri nake yi, Malam," ta ce ba ta ɗago ba. "Na ji an ce ɗakin Allah za a fara rufewa."

Washegari na ari tsani na hau ɗakinta da kaina, a shekaruna, maƙwabta suna kallo. Ba duka kwanon ne ya mutu ba. Na sayi bandir ɗin, na ware abin da ɗakin yake buƙata ba tare da na yi masa ƙwange ba, kafinta ya buga. Abin da ya saura falle kaɗan ne. Na dube su na ji sun yi mini sauƙin bayarwa, abin da ba ka ji fitarsa ba kuwa ina zarginsa. Sai na ɗauki kuɗin da na ware don sabuwar tayar babur na ƙaro wasu fallayen da kwalin ƙusa. Wannan a kaina zai sauka, ni ne zan riƙa tura babur zuwa wurin mai faci, ba Luba ba. Na ɗaure kayan a saman mota na bi su Gwandu.

An yi gidauniya. Wani Alhaji ya ba da abin da ya sa aka yi kabbara har tantabaru suka tashi. Wani mai shanu da yawa ya ba da abin da ya sa aka yi 'yar dariya cikin hannun riga. Sunana ya zo tsakanin na wani tela da na wani mai sayar da albasa. Mai lasifika ya ce Allah ya saka da alheri, mutum huɗu ko biyar suka ce amin, wani a bayana yana tambaya wa ya ɗauki takalminsa. Aka wuce.

A zauren gidanmu muka zauna da Yaya Haliru. Shi ma ya tsufa, na lura, kuma babur ɗinsa da na saba gani a jingine babu shi. Ban tambaya ba. Sunansa na cikin waɗanda aka yi wa kabbara.

"Ko kabbara ba a yi maka ba, Malam Umaru."

Na ce ba a yi ba, Yaya.

Ya juya hularsa a hannu, ya ce to ai ba a yi dariya ba. Muka bar ta a nan.

Ba zan ce na gano ma'auni ba. Baɗi za a zo da maganar rijiya ko katangar maƙabarta, in sake zama da mutanen nan biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, in sake hawa tsani. Abin da na gane kawai shi ne Kaka ba barci take ji ba ranar nan. Matar da ta wuni a duƙe cikin albasa, ta aika da ƙwaryar gero masallaci duk kaka ba wanda ya kira sunanta, ta san mutanen da take magana a kansu. Masallacin tatsuniyar nan bai rushe ba, kuma ba Ɗan Maƙo ko Ɗan Yabo ne suka riƙe shi ba.

Ruwan farko ya same mu a Kalgo wajen magariba. Luba ta miƙe da sauri bisa sabo, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon sama, sannan ta koma ta zauna. Robobin suna ƙarƙashin gado a kife. Na saurari ƙarar ruwa a kan sabon kwano, na tuna can Gwandu ma wasu 'yan fallaye suna jin irin wannan duka bisa kan wani da ban sani ba. Aka kawo tuwo na ci, na yi isha'i, na kwanta. Jikokina in sun taru a bakin wuta, ba su da abin da za su ce game da ni.