Zaren Da Iya Ta Gani a Idona

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane ina shiru, yau na ce bari in ba da nawa, ko wani gida zai amfana.

Lokacin da abin ya faru ina aji biyu na sakandare. Yarinya ce ni mara magana, irin wadda malami zai shekara yana koyarwa bai san muryarta ba. Gidanmu yana cikin Birnin Zazzau, a wani lungu kusa da Ƙofar Gayan inda mota ba ta shiga. Ni ce 'yar fari, don haka tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya. Mahaifiyata tana nan cikin gidan, amma kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata a gaban mutane, ba ta kuma sa baki a maganata. In za ta ba ni abu sai ta ajiye a bakin murhu, ta ce wa ƙanwata ta faɗa wa "waccan" ta ɗauka. Ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin ƙiyayya ba. Haka na tashi na gani.

Matsalata idon hagu ce. Kullum cikin zubar hawaye yake, ba tare da ina kuka ba. Ina rubutu a aji sai ɗigo ya faɗo ya watsa tawada, har 'yan ajinmu suka riƙa tambayata wa ya mutu yau kuma. Fatar ƙasan idon ta tsage saboda yawan gogewa da bakin ɗankwali. Daga baya wani kumburi kamar ƙwayar gyaɗa ya fito tsakanin ido da hanci, in na danna sai mugunya ta taso ta cikin idon. Iya ta yi iya ƙoƙarinta. Ta gasa da ruwan ɗumi, ta sa aka ɗiga mini nonon mai jego, ta ciro kwallinta na Makka da ba ta ba kowa. Sai da kumburin ya yi ja ya haɗa da zazzaɓi sannan Baba ya ɗauke ni zuwa asibitin ido.

Likitan ya zaunar da mu ya yi bayani a hankali. Ya ce akwai wata 'yar hanya da ke kwashe hawaye daga lungun ido ta kai su cikin hanci, shi ya sa mai kuka ke jan majina, kuma tawa ta toshe. Da jaririya ce ni, da murza wurin da yatsa ma zai iya buɗe ta. Da ƙaramar yarinya ce, da sai a yi mini allurar barci a zura siririn ƙarfe a buɗe. Ya gwada tura ruwa da sirinji, ruwan ya dawo ta ido, ko ɗigo ban ji a maƙogwaro ba. Ya ce saura hanya biyu. Ko a cire jakar da ke tara mugunyar gaba ɗaya, ciwon ya tafi amma hawayen ya zauna har abada, ko kuma a tsaga gefen hanci, a buɗe sabuwar ƙofa a ɗan siririn ƙashin da ke wurin, a zura wata roba mai kama da zare ta riƙe ƙofar na wasu watanni har ta warke a buɗe. Ya ja kunne sosai: ba fyace hanci, ba kwalli, kuma kada kowa ya taɓa robar. Baba ya zaɓi ta biyu.

A hanyar komawa gida ne Baba ya ce kada Iya ta ji zancen ƙashi ko na roba. Ƙaninta ya taɓa shiga ɗakin tiyata bai fito da rai ba, kuma in ta ce a'a, Baba ba mai iya tsallake maganarta ba ne. Ya faɗa wa mahaifiyata gaskiya. Ita kuwa Iya aka ce mata wankin ido za a yi, da ɗan ɗinki kaɗan. Ni aka ce in yi shiru, abin da na fi iyawa.

An yi aikin lafiya. Da aka cire bandeji Iya ta ga ɗinkin, ta yi faɗanta ta gaji, ta ce wane irin wanki ne wannan da ake yi da allura, amma da ta ga idon ya bushe sai ta haƙura. Robar kuwa fara ce tas kamar ruwa, ɗan lanƙwasonta kawai ke leƙowa a lungun ido, sai an matso sosai ake gani. Tun da kullum kaina a sunkuye yake, ba wanda ya lura. Abin da ya dame ta shi ne kwalli. Kowace safiya sai ta tsokane ni, ta ce ƙawata, wa zai kalli mace mai ido fari fat kamar na mai zazzaɓi? In ce likita ya hana. Ta ce likitan nan halan matarsa ma haka take yawo.

Wata safiya ana shirin suna a maƙwabta, Baba yana Kaduna wurin aiki, Iya ta ce yau kam ba za ta shiga taro da ni haka ba. Ta zaunar da ni a tsakar gida inda rana ta haska, ta ɗauko tandu, ta kama haɓata ta ɗaga. Ina kallon fuskarta na ga murmushin ya ɗauke. Ta ajiye tsinken kwallin, ta ƙara matsowa har ina jin ƙamshin goron bakinta. Ta yi salati, ta ce likitoci sun mance da zare a idon yarinya, shi ya sa take ganin ina yawan ƙyafta shi. Nan take ta aika a kira wata tsohuwa a lungunmu da aka sani da cire abu daga ido, ko ƙaiƙayi ne ko tsakuwa.

Edita, na san abin da ke idona, na san kuma abin da likita ya ce. Maganar tana nan a bakina. Amma in na faɗe ta, na ce Baba ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya ke nan, a gaban baƙuwa kuma. Na saci kallon mahaifiyata tana daka a gindin rumfa. Bayanta ta ba mu, amma na ji taɓaryar ta rage sauri, ta tsaya, ta sake farawa. Ita ma abu biyu ne suka ɗaure ta: surukarta ce, ni kuma 'yar fari.

Aka kwantar da kaina a cinyar Iya, ta dafe mini goshi da tafin hannunta mai sanyi tana cewa kada in ji tsoro. Tsohuwar ta kwance matsefata, ɗan ƙarfen nan na cire ƙaya, daga bakin zanenta, ta goge, ta yi bisimilla. Da ta kama robar ta ja, ba a ido na ji ba, can cikin hanci na ji, kamar ana jan wani abu daga bayan fuskata. Robar ta biyo ta, tsawon yatsa. Tsohuwar ta ce kin gani ko, dogo ne ma. Sai ta tsaya cak, don ƙullin da aka yi mata a cikin hanci ya kai inda ba zai wuce ba. Na ji ɗumin jini yana gangarowa leɓena. Tsohuwar ta ajiye matsefatar, ta fara naɗe robar a yatsanta don ta ja da ƙarfi.

Ƙarar faɗuwar taɓarya na ji. Kafin in buɗe ido mahaifiyata ta riƙe wuyan hannun tsohuwar, ta kira sunana da ƙarfi, karo na farko da na ji shi a bakinta.

"Iya, don girman Allah ku sa ta saki. Likita ne ya sa shi. Da saninmu."

Iya ta daɗe tana kallonta. "Da saninku," ta ce a hankali. "Ke da wa?"

Mahaifiyata ta manne robar a kumatuna da filasta, ta yafa mayafi, ta kama hannuna muka bi lungu da sauri har bakin titi. Muna tsayar da tasi sai ga Iya a bayanmu tana haki, takalmanta ma ba iri ɗaya ba. Ta shiga motar, muka wuce asibiti tare.

Likitan ya yi ƙoƙarin janyo robar ta hanci ta koma wurinta, ta ƙi. Dole ya yanke ya cire ta gaba ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙofar ba ta gama warkewa ba, wataƙila ta zauna a buɗe, wataƙila ta haɗe, sai dai mu jira. Wannan jiran ya fi tiyatar wuya. Kowace safiya kafin in yi alwala sai in taɓa ƙasan idona in duba yatsa. Na fara sa rai ke nan, wata rana ana darasin lissafi na ji idon ya yi nauyi, sai ɗigo ya sauka a bayan hannuna. Hanyar ta sake toshewa.

Iya ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Baba. Ranar da ta yi magana, ina ɗakin ina ninke kaya. Ta ce ba tiyatar ce ta ƙona mata rai ba. Abin da ba za ta manta ba shi ne ya bar ta ta dafe kan jikarta da hannunta ana cutar da ita, tana zaton taimako take yi. Baba yana durƙushe, bai ɗago ba.

Da za a sake aikin, Iya ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta ce wa likita ya nuna mata abin. Ya yanko guntun robar ya ɗora mata a tafin hannu, ta murza shi da yatsa, ta ɗaga shi ga haske, ta tambayi wata nawa zai yi da kuma wa zai cire. Daga ranar ita ta zama mai gadin idona, ko ƙuda ba ta bari ya sauka. Alhamdu lillahi, na biyun ya yi kyau, hawayen ya tsaya. Amma na sake shan allurar barci da wuƙa, na maimaita aji, kuma tabon gefen hancina ya fi yadda ya kamata ya zama girma.

Ba na ganin laifin kowa a gidanmu, kowa ladabi yake ƙoƙarin yi. Baba ya ji nauyin mahaifiyarsa, mahaifiyata ta ji nauyin surukarta, ni na ji nauyin su duka, kuma idona ne ya ɗauki abin da ya biyo baya. Saboda haka nake roƙon iyaye, in ido yana hawaye ba dalili a kai shi asibiti da wuri, kuma duk abin da aka gani a jikin wanda aka yi wa aiki, kada a taɓa sai an tambayi likita. Sannan in likita ya yi bayani, kada a tsaya ga wanda ya raka mara lafiya. A je gida a faɗa wa wadda ke yi masa wanka da shafa, ko da za ta yi faɗa, don ita ce hannunta ke kai wa ga ciwon kullum. Iya ba ta ƙi gaskiya ba ranar da aka ɗora mata ita a tafin hannu. Mu ne muka yanke mata hukunci ba mu tambaye ta ba.