Gonar da Baba Ya Saya a Fadamar Gulma

Shekarar da Baba ya ajiye aikin koyarwa, gidanmu a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi, ya koma ofishin gona. Mutumin da ko albasa bai taɓa dasawa ba, sai ga shi da safe gona, da rana gona, in Inna ta ce shinkafa ta ƙare ya ce a yi haƙuri tamu na hanya. Mu takwas ne a gidan, fansho kuma sai ya ga dama yake zuwa. Duk abin da aka ba shi na sallama ya ce ƙasa zai saya, ita za ta ciyar da mu.

Ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata, nake kuma faɗin abin da in ƙannena suka faɗa sai sun sha bulala. Ranar ganin gona na manne a bayan babur ɗinsa, ya kore ni sau uku, a na huɗu ya gaji.

Bazara ce. Bayan Argungu muka ratse zuwa Gulma, dillali ya kai mu fadama. Ƙasar baƙa ce, ta dare, in autanmu ya faɗa cikin tsagar sai an nemo guga. Mai unguwa da maƙwabta suka zaga iyaka da Baba, daga wani suri zuwa gindin wata giyayya. A jikin itacen na ga busasshiyar laka ta yi zobe, can sama da hular Baba.

Na ce, "Wa ya hau ya yi wa itace yaɓe?"

Dillali ya ce, "Ruwa na, ɗiyata. Da damina gulbi yakan ɗan leƙo."

"Leƙen da ya wuce hular Baba?"

Baba ya harare ni, na kama bakina. Aka sa hannu a takarda, aka yi addu'a, aka raba goro.

Za mu tafi sai wani dattijo, mai gonar da ke gabas da tamu, ya zo da ƙwarya cike da shinkafa da ƙaiƙayinta, ja, ba kyan gani. A wurinsu haka ake yi wa baƙon da ya shigo fadama.

Ya ce, "Malam, ga iri. Na nan na, ya san ruwanga."

Baba ya yi godiya irin ta malamai, mai tsawo. Amma ya riga ya sayi nasa a kasuwar Birnin Kebbi, cikin buhu mai hoton zangarniya, wanda aka ce wata uku yake nuna. Ƙwaryar dattijo Inna ya miƙa wa. Ta turara, ta shanya, aka kai inji, muka ci da mai da yaji. Ni kaɗai na ci rabon mutum uku, na lashe kwano har na ga fuskata.

Ranar shuka dattijon ya ɗebi irin Baba a tafin hannu, ya juya shi.

"Malam, wanga gajere na."

Baba ya ce, "Ai shi ake yayi yanzu, dattijo. Kahin naku shi yi ciki, nawa na gida."

Dattijon ya dubi gulbi, ya dubi Baba. Mutumin ƙauye ba ya musu da malamin makaranta a gaban 'yarsa. Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Da farko kam ta yi kyau. Tamu ta fi ta kowa duhu, ta maƙwabta kamar ciyawar da akuya ta raina. Na baza labari a makaranta cewa bana sai mun yi hayar tirela, kuma wadda ta taɓa hana ni biro kada ta zo gidanmu da kwano.

Cikin watan Agusta aka kira Baba a waya. Ya sa hula, na bi shi, wannan karon bai kore ni ba. Inda muka saba ajiye babur ya zama bakin ruwa. Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale.

Shinkafar maƙwabta na nan a tsaye, kore shar a kan ruwa. Irin nasu haka yake, in ruwa ya ƙaru kamu ɗaya shi ma ya ƙara kamu ɗaya, har karansa ya fi mutum tsawo. A tsakiyarsu akwai fili na ruwa zalla, gefensa a miƙe kamar an ja da rula. Ba sai an nuna mana iyaka ba.

Baba ya naɗe hannun riga, ya tura hannu har kafaɗa, bai taɓa komai ba. Masuncin ya cusa gorarsa ya ƙwaƙulo wani baƙin abu mai yauƙi da wari. Baba ya karɓa ya riƙe, ruwansa na ɗiga a kan farin wandonsa.

Dattijon ya matso a nasa jirgin, ya yi jaje, sannan ya ce, "Malam, irin da nib ba ka hwa? Ko ɗan gehe ba ka sa ba?"

Baba ya ci gaba da kallon abin da ke hannunsa. Ni kuwa shiru ba ya zama a bakina.

Na ce wa dattijon, "Mun cinye, Baba. Da mai da yaji."

Na ɗauka za a yi dariya. Masuncin ya sunkuyar da kai, dattijon ya ce, "Allah shi mayar da alheri," ya juya jirginsa. Baba bai harare ni ba, kuma da ya harare ni da na fi jin daɗi.

Noman rani a wurin sai da injin ban ruwa, mu kuwa ba abin da ya saura. Kafin ruwa ya janye Baba ya ba dattijon aron gonar. Ya samu aiki a wata makarantar kuɗi a unguwar Nasarawa, aji biyu, yara masu ihu kamar kasuwar kifi. Yana fita kafin in gama wanka, ya dawo murya a dishe. Wata rana Inna ta ce ko a sayar da gonar a huta. Ya ce, "A bar ta," ya ci gaba da duba littattafan yara. Har yau bai sake taka Gulma ba, ni ma ban ce a kai ni ba.