Doguwar La'asar a Haidarabad

Na ci abinci a garuruwa da yawa. A Alƙahira a tsaye ake cin wake da gurasa, a Gwanzu ta ƙasar Sin nuni nake yi da yatsa ina addu'a kada a kawo mini abin da ba na ci, a Abijan kuwa Faransancina ya ishe ni in yi gardama a kan gasasshen kifi. Amma ban ga inda fita cin abinci ya zama al'adar gida ba kamar Haidarabad ta Indiya. A can mutum yakan kwaso matarsa da 'ya'yansa, har da tsohuwarsa, su zauna teburi guda. Mu a Kano, a zamanin tasowata, magidancin da aka gani yana cin abinci a waje sai a ce gidansa ba lafiya.

Jinyar matata Hajiya ce ta kai mu, ciwon ƙoda. Wata biyu muka yi. Likita ya hana ta gishiri da mai da yaji, kullum farar shinkafa da dafaffen kabewa. Tagar ɗakinta tana kallon wani gidan abinci, takan zauna tana kallon masu shiga.

Wata rana ta ce, "Alhaji, dubi wancan tsohon, shi yake zuba wa matarsa. Kai ma ka kai ni mana, ko sau ɗaya."

Na ce, "Sai kin warke, Hajiya."

Ni kuwa ban jira ta warke ba. Kullum in na fita sallar La'asar, ina sallamewa sai in bi ta bayan masallaci. Akwai inda ake dafa biriyani, shinkafa da naman rago a tukunyar da aka liƙe bakinta da kwaɓaɓɓen fulawa, ba a buɗewa sai za a zuba. Akwai mai shayin madara mai kauri da biskit mai ɗan gishiri. Da guntun Urduna na san su duka. A bakin ƙofa kuma akan ajiye faranti na wasu ƙananan ƙwayoyi kore gauraye da sukari, sonf suke ce musu, ana taunawa bayan cin abinci. Nakan cika baki da su don su kashe ƙamshin nama. In na dawo sai in ce limamin ne mai jan karatu.

Ta samu sauƙi, muka koma gida, alkawarin ya bi ruwa. Ni ina Dubai ina harkar kago, ita tana Kano. A unguwar Dera ta Dubai kuwa ko'ina ka juya gidan abincin Indiyawa ne, kuma ban fasa shiga ba.

Bara ta zo ganin likita a nan. Da muka fito daga kasuwar Naif, ta gama sayen mayafai na jikoki, na ce, "Yalla, mu je, yau zan cika alkawari."

"Wanne daga ciki?" in ji ta.

Na kai ta wani gidan abincin 'yan Haidarabad a unguwar Al Butin, kusa da bakin ruwa. Aka kawo biriyani yana tururi. Na ɗauki cokali na zuba mata da hannuna, kamar tsohon nan. Ta dubi farantin, ta tura mini shi a hankali.

"Ka manta? Yanzu ga sukari ya ƙaru a kan ƙodar. Ko loma ɗaya ba zan iya ba. Lokacin da muka dawo daga Indiya, shekara uku likita ya sake mini baki. Da a lokacin ne ka kawo ni."

Ruwa kawai ta sha. Ta ce in ci, kada a yi asara. Na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Da za mu fita ta tsaya a kan farantin bakin ƙofa, ta tsince 'yan ƙwayoyin da ba sukari, ta shinshina, sannan ta jefa a baki.

"Wannan kam na san shi," ta ce. "Ƙamshin masallacinku na Haidarabad."

Na tsaya riƙe da ledojin mayafai.

"Hajiya, ashe kin sani?"

"Tun rana ta biyu. Ga shinkafa rawaya a gemunka. Ina jira ne ka ce mini ga yadda ɗanɗanonsa yake, ko a labari ne in ci. Ba ka taɓa faɗa ba."

A mota na fara ba ta labarin tukunyar da ake liƙewa da fulawa. Ta ɗan saurara, sannan ta ce ta gaji, in bari sai wani lokaci.