Ranar da Surukina Ya Same Ni Gaban Katun

Ni da furfura ta fara fito mini a gemu, ga aikin gwamnati, ga 'ya'ya huɗu, wai katun ne ya kama ni. Don yara na sayi talabijin ɗin, su suka gaji, ni na liƙe. Shirin wani gajeren jarumi ne mai ƙaton kai da yake hawan dutse, kullum sai ya doke wani dodo kafin ya ƙara gaba.

Wata Laraba surukina ya zo Kazaure daga Gwiwa, ba sanarwa. Dattijo ne da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, kuma ganin girmana da yake yi shi ne abin da na fi taƙama da shi. Ya yi sallama ya ɗaga labule, ya same ni zaune dirshan a tabarma ina ihu, "Doke shi!" Yara suna Islamiyya, balle in laƙa musu.

Na durƙusa na gaishe shi, ya zauna. Maimakon in kashe abin in yi shiru, sai bakina ya ja mini.

"Baba, ai wannan ba wasan yara ba ne, tarbiyyar ruhi ce. Dutsen nan zuciyar mutum ce. Jan dodon fushi ne, mai tumbin nan kwaɗayi. Rafin da ya tsallaka kuwa tuba ne."

Wallahi har da ɗaga yatsa, sai ka ce mai tafsiri. Na kai har kan wata akuya mai magana, na ce ita ce shehin da ke nuna hanya. Akuya fa!

Bai katse ni ba. Yana jan carbi yana gyaɗa kai, har na fara jin na tsira.

"Madalla, Allah ya ƙara basira," in ji shi. "Ƙarfe nawa ake sa shi?"

"Ƙarfe huɗu, Baba."

"To, shi ya sa. A masallacinku na yi la'asar yanzu. Liman ya ce ya kwana biyu bai gan ka a sahu ba, ko ba ka da lafiya. Na ce masa bari in je in dubo ka." Ya gyara hularsa ya miƙe. "Me zan ce masa?"